Harshe da Tallafa wa Matasa kan Lafiyar Hankali a Cikin Al'umma: Misali daga Salka ta Ƙasar Kontagora

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda aikin tallafa wa matasa kan lafiyar hankali yake a wajen asibiti, wato a gida da unguwa da makaranta da wuraren ibada, tare da nuna matsayin da harshe yake da shi a cikin wannan aiki. An zaɓi garin Salka na Ƙaramar Hukumar Magama a Jihar Neja don ya zama madubi, saboda ya haɗa abubuwa biyu da suka sa batun ya fito fili. Na farko, gari ne mai nisa da asibitin ƙwararru. Na biyu, matashin garin yana rayuwa ne a tsakanin harsuna uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane matasa bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta hankali, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli sukan soma ne kafin mutum ya wuce shekara 14. A farkon shekarun 2020 likitocin wannan fanni da ke aiki a Nijeriya ba su kai 300 ba, alhali al'ummar ƙasar ta haura miliyan 200. Cikin manyan asibitocin tarayya na masu taɓin hankali da suka fi kusa da ƙasar Kontagora akwai na Barnawa a Kaduna da na Kware a Jihar Sakkwato, kuma kowannensu tafiyar sa'o'i ce mai cin kuɗi. Ke nan mafi yawan matasan da ke cikin damuwa a wannan yanki ba za su taɓa zama a gaban likitan ƙwaƙwalwa ba. Wanda zai fara lura da su shi ne uwa ko aboki ko malamin makaranta ko mai kemis.

Akwai kuma wani abu da ya bambanta wannan ciwo da sauran cututtuka. Karaya tana fita a hoto, zazzaɓin cizon sauro yana fita a gwajin jini, amma damuwa ba ta fita sai a baki. Da magana ake gano ta, kuma da magana ake yin babban ɓangare na maganinta. Saboda haka kalmar da aka zaɓa tana iya buɗe bakin yaro, tana kuma iya rufe shi har abada.

2.0 Salka da Harsunanta

Salka tana cikin manyan garuruwan Magama, tare da Nasko, wadda ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar, da Auna da Ibeto, duka a ƙarƙashin masarautar Sarkin Sudan na Kontagora. Asalin mazaunanta Kambari ne, manoman dawa da gero da gyaɗa da wake. Harshensu, wato Tsishingini, yana cikin rukunin harsunan Kainji na dangin Binuwai-Kwango, kuma harshe ne mai azuzuwan suna, wanda ba shi da dangantakar asali da Hausa. Carl Hoffmann ya yi nazarin azuzuwan sunansa a 1963, ya kuma fitar da jerin kalmominsa a 1965. 'Yan'uwansa na kusa su ne Tsikimba na wajen Auna da Cishingini na wajen Agwara. A garin akwai Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, sau da yawa a cikin zuriya ɗaya.

Yaron da ya tashi a irin wannan wuri yakan sha nono da Tsishingini, ya yi ciniki da hira da Hausa, ya rubuta jarrabawa da Ingilishi. Littattafan horar da ma'aikatan lafiya da Ingilishi aka rubuta su, tambayoyin da ake yi wa mara lafiya a ɗakin shan magani da Hausa akan yi su, amma tsoro da mafarki sukan zo wa mutum da harshen uwa. Wannan maƙala za ta fi tsayawa a kan Hausa, domin ita ce gadar da ke tsakiya, kafin a koma ga Tsishingini.

3.0 Hauka da Abin da Bai Kai Hauka Ba

Babbar matsalar da mai wannan aiki yake fara cin karo da ita ita ce kalmar hauka. A tunanin Bahaushe mahaukaci shi ne wanda ya yi tsirara, yake kwana a bola ko a kasuwa, yake jifa, yara suna bin sa da tsokana. Nazarin da Kabir da Iliyasu da Abubakar da Aliyu suka gudanar a ƙauyen Karfi kusa da Kano, wanda aka buga a 2004, ya tabbatar da haka. Sun tambayi manya 250 alamomin ciwon hankali, sai kashi 22 cikin ɗari suka ambaci faɗa da ɓarna, kashi 21 yawan surutu, kashi 16 baƙuwar ɗabi'a, kashi 13 kuma yawo ba dalili. Idan aka lura da kyau za a ga dukkan waɗannan alamomi masu hayaniya ne. Yarinyar da ta daina cin abinci ta shige ɗaki, ko saurayin da ya yi wata biyu ba ya barci, ba su shiga lissafi ba, alhali kuwa su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

An ƙirƙiro taɓin hankali da taɓuwar ƙwaƙwalwa don a sassauta zafin waccan kalma, kuma su ne ake ji a rediyo da asibiti. Sai dai sassaucin bai yi nisa ba, domin daga tushen nan ne aka sami taɓaɓɓe, wanda zagi ne, ga kuma maganganun samari irin su "ya zare" da "notin kansa ya kwance". Ana kuma yawan cewa hauka ba ya warkewa sai dai rangwame. Duk uban da ya yarda da wannan magana ba zai so a jingina wa ɗansa kowace kalma da ke da ƙanshin hauka ba, kuma yana da hujja: a binciken da akan yi kafin a ba da aure, hauka yana cikin abubuwan farko da ake tambaya a kan dangi. Suna ɗaya da aka laƙaba wa yarinya yana iya hana ta miji, ya kuma shafi ƙannenta. Ɓoyon da iyaye suke yi lissafi ne na mutanen da suka san abin da za su rasa, kuma kuskure ne mai aiki ya ɗauke shi jahilci.

Ƙungiyar masu fassara ta Translators without Borders ta ci karo da wannan matsala a sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri, inda ta gano cewa yadda ake fassara sunan aikin lafiyar hankali zuwa Hausa yana sa mai sauraro ya fahimci aiki ne na mahaukata. Mutumin da ya tsere wa yaƙi, yana neman wanda zai saurare shi kawai, ba zai shiga layin da aka yi wa wannan suna ba.

3.1 Hankali da Zuciya da Makamantansu

Abin sha'awa shi ne Hausa tana da wadatar kalmomi a tsakanin lafiya lau da hauka tuburan. Kalmar hankali kanta tana ɗaukar aikatau iri-iri, kowanne da matakinsa:

(1) Hankalinta ya kwanta.
(2) Hankalinta ya tashi.
(3) Hankalinta ba ya jikinta.
(4) Hankalinta ya rabu biyu.
(5) Hankalinta ya gushe.

Jimla ta (5) kaɗai ce take kusa da abin da ake gudu. Sauran kowa yana faɗarsu a kan kansa ba tare da jin kunya ba. Haka nan Bahaushe yakan rarraba abin da yake ji a sassan jiki. A ciki ake samun baƙin ciki da farin ciki. A rai ake samun ɓacin rai da ƙuncin rai. Gaba ita ke faɗuwa, kai shi ke ɗaukar zafi ko yin nauyi, zuciya kuwa takan karaya, takan yi ƙuna, takan tafasa. Ga kuma damuwa da fargaba da firgita da razana da zullumi da takaici da yawan tunani. Waɗannan su ne kayan aikin mai tallafa wa matasa. Idan aka ce wa saurayi, "Na ga kamar tunani ya yi maka yawa kwanan nan," an ba shi ƙofar da zai iya shiga da mutuncinsa.

Sai dai akwai tarko a nan wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Wasu daga cikin waɗannan kalmomi hukunci ne a kan hali, kodayake sun yi kama da bayanin ciwo. Misali mafi muhimmanci shi ne mutuwar zuciya. Saurayin da ya daina zuwa gona, ya daina wanka, yake wuni a kwance, ba abin da ke ba shi sha'awa, yana nuna manyan alamomin ciwon da likitoci suke fassarawa da tsananin damuwa. Amma a gida abin da za a ce shi ne zuciyarsa ta mutu, wato malalaci ne mara kishin kai, maganinsa kuwa faɗa da gori. Gorin nan yakan ƙara tabbatar masa da abin da ciwon yake raya masa, cewa ba shi da amfani. Yarinyar da ta yi shiru ta rame kuwa, wani lokaci har yabo take samu, a ce ta yi hankali. Aikin farko na mai tallafi shi ne ya taimaki iyaye su matsar da abin da suke gani daga babin tarbiyya zuwa babin rashin lafiya, ba tare da sun ratsa ta babin hauka ba.

Haka kuma matashi ba safai yake kawo kukansa da sunan damuwa ba. Yakan ce kansa ke ciwo, ko jikinsa ya mutu, ko wani abu yana yi masa yawo a ka, ko idanunsa suna yaji in ya ɗauki littafi. Tun a 1960 Raymond Prince ya bayyana irin wannan koke a tsakanin ɗaliban Nijeriya, wanda aka yi wa laƙabi da gajiyar ƙwaƙwalwa. Mai kemis da bai san haka ba zai yi ta ba da maganin zazzaɓi da na ƙarin jini wata da watanni.

3.2 Haƙuri da Kunya

A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa haƙuri da kunya da hankali cikin halayen da ake auna mutum da su. Waɗannan halaye su ne suke riƙe da zaman tare, kuma babu mai hankalin da zai nemi a rushe su. Amma suna da tasiri a kan wanda zai yi magana da wanda zai yi shiru. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yaron da aka rena da wannan karin magana ya san cewa riƙe abu a ciki alama ce ta girma. "Yi haƙuri" kuwa tana da fuska biyu. In ta zo bayan an saurari mutum har ya gama, ta'aziyya ce mai sanyaya rai. In ta zo tun kafin ya kai tsakiyar zancensa, ma'anarta ita ce ya isa haka.

Kunya ita ma ta tsara hanyoyin magana a cikin gida. Ɗa ba ya zama ya zayyana wa mahaifinsa abin da ke ransa, balle ɗan fari, wanda iyaye ba sa ko kama sunansa, kamar yadda ya fito a tarihin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954. Amma al'adar da ta toshe wannan hanya ta bar wasu a buɗe. Akwai wasan jika da kaka, akwai na taubasai, akwai sakewar da yaro yake yi da kawu ko goggo. Kaka ita ce babba ɗaya tilo da yarinya za ta iya yi wa zancen da ba ta iya yi wa uwarta. Wanda ya san wannan tsari ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A Salka wajibi ne a tambayi dattawan Kambari su wa ke da irin wannan dama a tsarin danginsu, maimakon a ɗauka cewa daidai yake da na Hausawa.

4.0 Abin da ke Tayar wa Matasan Yankin Hankali

Ba a rasa dalilan da aka saba da su ko'ina: talauci, faɗuwa jarrabawa, rashin aiki bayan karatu, auren da ba a so, mutuwar iyaye. Amma a shekarun baya-bayan nan an sami ƙari mai nauyi. A ranar 17 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai 27 tare da wasu ma'aikata da iyalansu daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, suka kashe ɗalibi ɗaya. A ranar 30 ga Mayu na shekarar aka sace yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. A ranar 17 ga Yuni aka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Jihar Kebbi, wadda ba ta da nisa da Magama, kuma wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo ba sai a 2023. A ranar 21 ga Nuwamba 2025 aka kwashe ɗaruruwan yara da malamansu daga makarantar St. Mary's ta Papiri a Ƙaramar Hukumar Agwara, wadda ita ma ƙasar Kambari ce, abin da ya sa gwamnatin jihar ta rufe makarantu a lokacin.

Idan yaran suka dawo akan yi murna, a duba jikinsu, a ɗauki hoto, a miƙa su ga iyaye. Abin da ke biyo baya ba ya shiga jarida: firgita cikin barci, fitsarin kwance ga yaron da ya daɗe da dainawa, zabura in an ji ƙarar babur, ƙin komawa aji, saurin fushi. Yawancin yara sukan murmure a hankali in sun koma cikin danginsu da harkokinsu na kullum, amma wasu ba sa murmurewa sai an taimaka musu. Waɗanda ba a sace ba su ma suna da rabonsu, domin wanda ya kwana a gona don gudun hari, ko ya ga an sayar da shanun gidansu don biyan fansa, ba ya rasa tabo.

Sai kuma shaye-shaye. Binciken ƙasa na 2018 da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabata. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. A karkara Tramadol ta fi shiga ta ƙofar aiki, wato ɗan ƙodago ko ɗan acaɓa ya sha don kada ya ji gajiya. A Karfi kashi 34 cikin ɗari sun ce shaye-shaye ne ke jawo ciwon hankali, kuma akwai gaskiya a ciki. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne hanyar tana tafiya ta ɓangare biyu: wani ƙwaya ce ta taɓa shi, wani kuma damuwa ce ta kai shi ga ƙwaya don ya sami barci. Da zarar an kira shi ɗan ƙwaya, an daina tambayar wanne ne ya riga wani.

5.0 Masu Aikin da Iyakarsu

Tunanin a mayar da jiyyar hankali cikin jama'a ba baƙo ba ne a Nijeriya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma tsarin ƙauye a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke sauka a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A 1991 Nijeriya ta sa lafiyar hankali cikin sassan kiwon lafiya matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP don koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba yadda za su gane manyan matsalolin su kuma kula da su. A Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 mai tushe a dokar Turawan mulki ta 1916. A kan takarda dai an yi nisa.

Misalin da ya fi dacewa da batun harshe ya fito ne daga Zimbabuwe. A Harare Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ɗakin shan magani, su saurari masu damuwa har zama shida, su taimaka musu su zaɓi matsala ɗaya su nemi mafitarta. Ba su kira ciwon da sunan asibiti ba. Sun yi amfani da kalmar Shona kufungisisa, wadda ma'anarta ita ce yawan tunani. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne suke da alamomin tsananin damuwa, a yayin da a ɗaya rukunin suka kai kusan kashi 50. Yawancin waɗanda aka gwada manyan mata ne, don haka ba za a ɗauko sakamakon a ɗora wa samarin Salka kai tsaye ba. Darasin da za a ɗauka shi ne na suna da na mai sauraro.

A gari irin Salka masu sauraron suna nan tun da daɗewa. Akwai Sarkin Samari da shugabannin ƙungiyoyin matasa, akwai malaman Islamiyya da na makarantun boko, akwai zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa na coci, akwai unguwarzoma da wanzami, akwai mai shayin da majalisar samari take haɗuwa a teburinsa kowane dare. Shi mai shayi yakan riga kowa sanin wanda ya daina zuwa hira. Horon da irin waɗannan mutane suke bukata ba mai tsawo ba ne, amma yana da wuya, domin ya saɓa wa abin da babba ya saba yi. Babba ya saba ba da shawara da wa'azi. A nan kuwa ana so ya yi tambaya ya yi shiru, ya bar yaro ya kai ƙarshen zancensa.

Dole kuma ya san inda aikinsa ya tsaya. Idan matashi yana jin muryoyin da babu mai jin su, ko ya daina ci da sha, ko yana faɗuwa yana shure-shure, ko mai jego ta rikice bayan haihuwa, ko mutum ya soma zancen ya gaji da duniya, to lokacin asibiti ya yi, kuma ba a barin sa shi kaɗai kafin a kai shi. Mutane da yawa suna tsoron tambayar yaro ko yana tunanin halaka kansa, wai kada a sa masa abin a rai. Bincike ya nuna tambayar ba ta haifar da tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa.

Game da malamai da masu magani, ba a iya kauce musu, kuma bai kamata a yi ƙoƙarin haka ba. A Karfi kashi 34 cikin ɗari sun fi son a nemi magani ta hanyar addu'a, kashi 46 suka zaɓi asibiti, kuma a aikace gida ɗaya yakan bi duka biyun. Bayanin iskoki ko sammu yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: yana ɗauke laifi daga kan yarinya da danginta, ya ɗora wa wani abu na waje, kamar yadda aka gani a lamarin Sumbuka da ya auka wa 'yan matan makarantun Kano a tsakiyar shekarun 1990. Mai tallafi da ya buɗe baki da ƙaryata aljanu ya rasa gidan tun daga zaure. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗin gwiwa tsakanin masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan lafiya matakin farko a Ibadan da Kumasi, aka buga sakamakon a 2020, kuma marasa lafiyar da aka kula da su ta haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. Inda ba a yin sassauci shi ne mari da duka da horon yunwa. A Satumba 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300, yawancinsu yara da samari, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, aka kuma sami irinsa a Daura da wasu garuruwa a watan da ya biyo. Iyaye da yawa da hannunsu suka kai 'ya'yansu can, har suna biya, saboda ba su san wata ƙofa ba.

6.0 Komawa ga Tsishingini

Duk abin da aka faɗa a sama game da Hausa rabin aiki ne a Salka. Mutum yana iya cinikin buhun dawa da Hausa ba tangarɗa, amma ya kasa bambanta zullumi da takaici, ko ya ce "ba komai" don kawai kalmar da yake nema ba ta zo masa ba. Wannan ya fi shafar 'yan mata da matan aure na ƙauyukan kewaye, waɗanda ba su cika fita kasuwa ko makaranta ba.

An riga an share fage, domin aikin raya harsunan Kambari mai cibiya a Salka ya daidaita rubutun Tsishingini da Tsikimba da Cishingini, ya kuma samar da littattafan koyon karatu. Abin da ya dace masana harshe da ma'aikatan lafiya su haɗu a kansa shi ne tattara kalmomin damuwa na harshen kansa. Hanyar da ta fi inganci ita ce kada a ɗauko jerin kalmomin Ingilishi ko na Hausa a ce a fassara, domin abin da za a samu shi ne kalmar hauka ta harshen, a sake faɗawa ramin da aka baro. Gara a ba da labarin wani saurayi mara suna wanda ya daina zuwa gona, ko wata yarinya da take firgita da dare tun bayan hari, sa'an nan a tambaya: me ake cewa ya same shi, wa zai fara gaya wa, ina za a kai shi? A yi wa dattawa tambayar daban, mata daban, samari daban, 'yan mata daban, domin amsoshin ba za su zo ɗaya ba. Kowace kalma da aka samu sai a sake tambaya a kanta, ko mutum zai yarda ya faɗe ta a kan kansa a gaban surukinsa.

Akwai kuma batun tafinta. Idan ma'aikacin lafiya ba ya jin Tsishingini, wanda ya rako mara lafiya shi yakan fassara, kuma yawanci miji ne ko wa ko uba. Ta haka sirrin yakan isa kunnen wanda ake ɓoye wa kafin ya isa kunnen mai magani, wani lokaci ma mai fassarar shi ne tushen damuwar. Saboda haka a cikin waɗanda za a horar a kowace gunduma ana bukatar mace da namiji masu jin harshen, a kuma ba matashi damar ya zaɓi wanda ba danginsa ba, ko da hakan na nufin a haɗa shi da mai sauraro daga ƙauyen gaba a ranar kasuwa.